SUNAN ARO

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da saƙo tun da safe wai na rataye ku, ku yi haƙuri, wutar unguwarmu ce ta yi halinta. Wannan shafin dai ban ba ku shawarar karanta shi a cikin mutane ba. Ni da na rubuta ma sai da na ajiye wayar sau biyu.

*

Motar kiya-kiyar da ta ɗauko Uwani ta sauke ta a kwanar Sharada daidai lokacin da jiniyar ƙarfe huɗu ke kuka. Ma'aikata suka ɓarko daga ƙofofin kamfanoni, masu keke na ta kaɗa ƙararrawa, masu ƙafa na karkaɗe audugar da ta maƙale musu a hula. Yau ba ta cikinsu. Hutun yini ɗaya ta roƙa a masaƙarsu don ta je jami'a a duba takardunta.

An kuwa duba. Shekara biyu tana fama da jarrabawar shiga jami'a, ta faɗi ta farko, ta ci ta biyu, yanzu ga sunanta a allo cikin mutum arba'in da aka ɗauka karatun lauya a wannan shekara ta 1981: Amina Lawal. Abu ɗaya jami'in ya ce ya rage, takardar rantsuwar shekaru, wadda babba a dangi zai je kotu ya rantse a kanta. Ranar Juma'a da sha biyun rana za a rufe rajista, wanda bai kawo ba a ba na bayansa gurbinsa. Yau kuwa Laraba.

Ta tarar da mahaifinta, Malam Ashafa, a kan buzu a tsakar gida. Dawowarsa ke nan daga kamfanin fata na Challawa, yana shafa man kaɗanya a hannuwansa da ruwan jima ya cinye. Na daman nan yatsu uku ne suka rage masa. Mahaifiyarta, Inna Atika, tana gefe tana tankaɗe.

"Sannu da hutawa, Baba."

"A'a, Uwata ce? Lauya ta dawo. Yaya mutanen jami'a?"

Haka yake kiranta, Uwata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa duk gidan ba mai faɗin sunanta na yanka. Inna kuwa, da yake 'yar fari ce, ko Uwanin ma ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan".

Uwani ta durƙusa, ta zaro takarda daga mayafinta.

"Sun karɓi komai, Baba. Wannan ce kaɗai ta rage. Gobe za ku raka ni kotu ku sa hannu."

"To, karanta min. Kin san ni da takardar boko, tun da ta cije ni sau ɗaya ba na sake miƙa mata yatsa a makance."

Ta sani mana. Ranar da injin ya datse masa yatsu biyu, tun jini bai tsaya ba aka kawo masa takarda ya dangwala. Sai da ta shiga aji uku na sakandare ta karanta masa kwafinta, ashe cewa aka yi shi ya yi gyangyaɗi a kan aiki. Daga ranar ta ce sai ta zama lauya.

Ta gyara murya, ta fara juya masa Turancin zuwa Hausa, tana yi tana satar kallonsa.

"Ni Ashafa, mazaunin Sharada, na rantse cewa Amina 'yar wana ce, marigayi Lawal, kuma an haife ta a Kwarin Ɓauna a shekarar 1959..."

Hannunsa ya tsaya cak a kan man kaɗanyar. Inna ta daina tankaɗe.

"Sake karanta wajen nan."

"Baba, ku saurare ni tukuna. Ai kun san tun firamare sunan Baffa Lawal malamai suka rubuta min a matsayin uba. Mai tafiretan bakin kotu ya ce in aka rubuta ku ne mahaifina, alhali takarduna na cewa Lawal, dawo da ni za su yi. Dole sunan ya zo ɗaya, harafi da harafi. Shi ne ya ce a sa ku a baffa. A takarda ne kawai, Baba. 'Yar ƙarya ce guda ɗaya."

"Guda ɗaya," in ji shi a hankali.

"Guda ɗaya tak."

"Ke ɗaya kike gani, Uwata. Ni uku nake gani."

Ta yi dariyar yaƙe. "Uku kuma? Ina sauran biyun?"

Ya waiga ya kalli matarsa. Inna Atika ta girgiza kai da sauri.

"Malam, don Allah kar ka tono abin da aka binne."

"Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Atika. Ɗauko min gafakata."

"Malam..."

"Ɗauko."

Tun da Uwani take ba ta taɓa jin ya maimaita wa Inna magana sau biyu ba.

Aka kawo tsohuwar gafakar. Ya kwance igiyar, ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa daga bayan Alƙur'aninsa, ya miƙa mata.

"Kin iya ajami. Karanta da kanki, ni bakina ba zai faɗa ba."

Rubutunsa ne, na tun yana da yatsu biyar. Ta bi shi da ido, leɓenta na motsi.

"An haifa wa Ashafa 'ya mace ranar Lahadi, a watan Maulidi, shekarar da aka sauke tutar Bature. An raɗa mata suna... Zuwaira."

Ta ɗago.

"Wace ce Zuwaira? Kun yi wata 'yar kafin ni?"

Ta juya wajen mahaifiyarta.

"Inna, wace ce?"

Inna ta sa gefen zani ta rufe fuska.

"Ke ce," in ji Malam Ashafa. "Sunan tsohuwata ke nan. Shi na sa miki."

"A'a, Baba. Sunan Kaka Amina. Ni Amina ce, shi ya sa ake ce min Uwani."

"Wa ya taɓa faɗa miki haka a gidan nan?"

Ta laluba duk iya tunaninta, tun daga ƙauye har zuwansu Kano. Ba wanda ya taɓa faɗa mata. Ita ta ji ana kiranta Amina a makaranta, ta ga ba a faɗin sunan a gida, ta haɗa biyu da biyu ta yanke wa kanta hukunci. Kakar kuwa ta rasu tun kafin a haife ta, kowa Iya yake cewa.

"To wace ce Amina?"

"Kina tuna Talatu?"

"Talatun Baffa Lawal? Mai wushirya, wadda muke zuwa tsintar kanya tare?"

"Ita ce Amina."

Takardar ta suɓuce daga hannunta. Inna ce ta yi wuf ta tare ta kafin ta taɓa ƙasa.

Malam Ashafa ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da magana kamar da buzun yake yi.

"Shekarar da kika cika biyar hakimi ya aiko kowace unguwa ta ba da yara a kai boko. Ke ba ki san zamanin ba. A lokacin wanda aka rubuta ɗansa, har jaje ake zuwa yi masa. Wasu a rumbu suke ɓoye nasu, wasu su tura rugar Fulani. Mai unguwa ya zo gidanmu ya rubuta Amina 'yar Lawal, don ita ce ta isa. Yaya Lawal ya ce shi kam 'yarsa ba za ta shiga wuta yana ji yana gani ba."

"Sai ya tura ni."

"Da sassafe ya shigo. Kina tsugune kina shan koko. Ya kama hannunki ya ce, daga yau in malam ya ce Amina Lawal, ki ce na'am."

"Ku kuma kuna ina?"

"Ina tsaye a bakin ɗaki."

"Me kuka ce?"

Ya kau da kai.

"Baba, me kuka ce?"

"Ban ce komai ba. Gandu ɗaya muke noma, rumbu ɗaya muke ci, shi ne babba. Ƙani ba ya ɗaga wa wansa murya a gandu. Na bi ku a baya har bakin makaranta. A lokacin ba a tambayar shekaru, cewa ake yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnensa. Naki bai kai ba, shekararki biyar. Yaya ya sa tafinsa ya karkata miki kai har yatsanki ya taɓa. Malam ya rubuta shekarar Amina. Ni kuma na koma bayan rumbu na yi kuka, a zatona na ba da 'yata an jefa a wuta."

Uwani ta ji hannunta ya kai kan kunnenta ba tare da ta sani ba. Ta sauke shi da sauri.

"Wata uku da yin haka sanƙarau ya shigo da bazara, ya ɗauke Talatu cikin kwana biyu. Daga nan bakin alƙalami ya bushe. Wa zai je ya ce wa hedimasta Amina Lawal ta rasu, alhali ga ta nan a aji tana karatu? Da Yaya da mai unguwa duk ɗaure su za a yi. Sai kowa ya ja bakinsa."

"Shekara goma sha shida," in ji Uwani. "Shekara goma sha shida ina ɗaga hannu ina amsa sunan wadda ke kabari."

"Ba mu taɓa yi miki ƙarya ba," in ji Inna cikin kuka. "Shiru muka yi."

"Kullum sai in ce gobe zan faɗa miki," in ji shi. "Sai kuma in ga kin zo ta ɗaya, kina murna. Wutar da na zata an jefa ki, ashe ita ce alherin. Sai na kasa."

Uwani ta tuno takardunta. Takardar firamare, ta sakandare, ta jarrabawar nan da ta ci bayan ta gama haddace tarihi da tsarin mulki a ƙarƙashin dalbejiyar masaƙa, tana ci da hannu ɗaya tana buɗe shafi da ɗayan. Ita ta sha wahalar, amma duk cikinsu babu ɗaya da ke ɗauke da sunanta. Ta share hawaye, ta tattaro abin da ya rage mata na ƙarfin hali.

"To, na ji. Abin da ya wuce ya wuce. Amma gobe za ku je, ko?"

"Ba zan je ba."

"Baba!"

"Sunan ba naki ba, uban ba naki ba, shekarar ba taki ba. A kan wanne zan dafa Alƙur'ani? Uwata, ko a kan gaskiya ban taɓa dafa shi ba. Ranar da na dangwala wa mutanen can ƙarya, na yi wa Allah alkawarin yatsun da Ya bar min ba za su sake shaidar zur ba."

"Malam," Inna ta sa baki, "na ji an ce yanzu ba a ma sa mutum ya dafa. Hatimi kawai suke bugawa."

"Shi wanda za a rantse da Shi ɗin, sai an dafa yake ji?"

"Baffa Lawal ya rasu," in ji Uwani. "Ba ni da wani babba a Kano sai ku. Jibi za a ba wani gurbina."

"In da rabo, wani hanin ga Allah baiwa ne."

Nan fa ta ƙwace mata. Magana zarar bunu ce, ta sani, amma ta zara.

"Ranar da aka zo ɗaukar 'yarku kuna tsaye ba ku iya buɗe baki ba. Yau da nake roƙon ku buɗe shi sau ɗaya don ni, yau ne tsoron Allah ya zo? Wancan karon tsoron Baffa, wannan karon tsoron Allah. Ni yaushe za a ji tausayina?"

"Ke!" Inna ta daka mata tsawa. "Ubanki kike faɗa wa haka?"

Malam Ashafa ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Ƙyale ta, Atika. Ba ta faɗi ƙarya ba."

Ya mayar da takardar ajamin bayan Alƙur'ani. Ya daɗe yana fama da igiyar gafakar, yatsu ukun sun ƙi ɗaura ta. Kullum Uwani ce ke karɓa ta ɗaure masa. Yau tana kallo ba ta motsa ba, har ya haƙura ya ɗauki butarsa ya fita masallaci.

*

Washegari ta je aiki da kumburarrun idanu. Yadi na wucewa a gabanta a kan teburin dubawa, ko zare ɗaya ba ta gani. Rifkatu, aminiyarta 'yar Zonkwa da suke teburi ɗaya, wadda ita ta riƙa aro mata tsofaffin takardun jarrabawa a wajen ɗan'uwanta, ta gyara mata kuskure sau uku. Ana busa hutun sha ɗaya ta ja ta ƙarƙashin dalbejiya.

"Faɗa min, wa ya mutu?"

"Amina Lawal."

Ta kwashe komai ta faɗa mata. Rifkatu ta dafe ƙirji.

"Yesu! Kai, mutanen da sun yi abu. To ki je ki faɗa wa jami'a gaskiya mana."

"In ce musu me? Ni ba Amina Lawal ba ce, amma takardun Amina Lawal nawa ne? Jiya a gabana suka kori wasu samari biyu da suka zo da takardun wasu, har da ɗan sanda. Cewa za su yi na saci na matacciya. Hedimastan ya rasu, mai unguwa ya rasu, Baffa ya rasu. Wa zai tsaya min?"

"A yi canjin suna."

"Sai an buga a jarida an jira makonni. Gobe ne fa, Rifkatu. Kuma in canza daga wane zuwa wane?"

Rifkatu ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Akwai tsofaffin nan da ke zama a bakin kotu. Ko uban wa kike so za su zama."

"Na tambayi mai tafireta. Ya ce magatakardan, Malam Isyaku, ya san su ɗaya bayan ɗaya, da sanda yake korarsu."

"To ke yanzu yaya?"

"Shi ke nan. Zan ci gaba da duba yadi." Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ba ma wannan ke cina ba. Maganar da na faɗa wa tsohon nan ce. Yau ko kokonsa bai sha ba, tun asuba ya fice ban gan shi ba."

Ba ta rufe baki ba mai gadin ƙofa ya ƙwalla daga nesa.

"Amina Lawal! Ana sallama da ke a waje!"

Sai da ya kira sau biyu kafin ta iya miƙewa.

A bakin ƙofar masaƙa ta gan shi, riƙe da kekensa. Farar rigarsa ta Sallah ce a jikinsa, ga hula sabuwar wanki, a ranar Alhamis. Shekara goma sha ɗaya yana kamfanin fata, ko da ya rasa yatsu kwana tara kawai ya yi ya koma. Bai taɓa fashi don kansa ba.

"Baba, ba ku je Challawa ba?"

"Takardar na wajenki?"

"Tana nan. Baba, maganar jiya, don Allah ku yafe..."

"Hau mu je, kar a tashi kotu."

"Ku bari, Baba. Na haƙura, wallahi na haƙura."

"Ni ban haƙura ba." Ya gyara karen keken da ƙafa, bai yarda sun haɗa ido ba. "Tun asuba nake zaune a masallaci ina neman hanyar da ba wannan ba, ban samu ba. Wancan karon na ba da ke ba da sona ba. Yau da sona zan ba da ke. Abin da ke tsakanina da Ubangijina kuma, ki bar min, ba ruwanki a ciki."

"Alkawarinku fa?"

"Hau, Uwata."

Ya kamata ta tsaya a nan ta ce ba za ta hau ba. Ita ma ta san haka. Amma allon nan na jami'a ya faɗo mata a rai, da sunan da ke layi na goma sha bakwai, da teburin yadi da ke jiranta har tsufa. Ta hau. Tun daga Sharada har cikin gari kukan sarƙar keke ne ya raka su. Ta kifa goshi a bayansa, ta jiƙa masa rigar Sallah.

*

Ofishin magatakarda ɗan ƙaramin ɗaki ne a gefen kotu, benci biyu da teburi ɗaya. Malam Isyaku dattijo ne siriri, tabaronsa ɗaure da zare ta gefe guda. Addu'a ɗaya Uwani ke yi tun daga ƙofa, Allah Ya sa maganar Inna ta tabbata, a buga hatimi kawai a sallame su.

Mutumin da ke gabansu ya miƙa tasa takardar. Malam Isyaku ya karanta, ya juya ya sauko da Alƙur'ani daga kan kanta.

"Ni a teburina ba a rantsuwar biro. Je ka yi alwala ka zo ka dafa."

Ta kalli mahaifinta. Shi ƙasa yake kallo, leɓensa na motsi.

Layi ya zo kansu. Malam Isyaku ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da hanci, ya karanta har ƙasa. Fuskarsa ta saki.

"Karatun lauya? Mace? Masha Allahu! Yarinya, kin fitar da mu kunya. Ke ce Amina Lawal?"

"Ni ce."

"Kai ne Malam Ashafa?"

"Ni ne."

"Mene ne tsakaninka da ita?"

Malam Ashafa ya damƙe gefen rigarsa.

"'Yar wana ce."

"Kai ka riƙe ta ke nan?"

"Ni na riƙe ta."

"Allah Ya saka maka. Ba kowane baffa ke riƙon ɗan ɗan'uwa har jami'a ba, wasu ko nasu ba su riƙe ba. Mahaifin nata fa, yana ina?"

Uwani ta runtse ido. Ta ji numfashinsa a gefenta, mai ƙamshin man kaɗanya da warin jima da sabulu bai taɓa fitarwa ba.

"Mahaifinta ya rasu," in ji Malam Ashafa.

"Allah Ya ji ƙansa."

"Amin."

Ya amsa amin. A kan kansa ya amsa amin, yana tsaye da ransa. Wannan kalmar ta fi duk abin da ta ji jiya yankar zuciyarta.

"Je ka yi alwala, ga buta can."

"Da alwalata na zo."

Malam Isyaku ya turo masa Alƙur'anin, ya buɗe gafakar da yake ciki, ya ɗauki hatimi ya danna a tawada ya riƙe a sama.

"To, bismilla. Dafa da dama, ka faɗi abin da zan faɗa."

Hannun ya taso a hankali. Yatsu uku, fatar duk ta tsattsage. Hannun da ya jiƙa fata shekara goma sha ɗaya don ta sayi littafi. Hannun da aka taɓa dannawa a kan ƙarya yana jini, wanda saboda shi ta ce sai ta yi lauya don kar a sake yi wa wani. Ga shi yau ita da kanta ta kawo shi, ta hau bayan kekensa ta kawo shi.

Saura kamu ɗaya ya taɓa, ta cafke wuyan hannun da hannu biyu.

"Ke, lafiya?" in ji Malam Isyaku.

Ba ta ji shi ba. Kai kawai take girgizawa, hawaye na zuba a kan hannun da ta riƙe.

"A'a, Baba. A'a. Ba na so."

"Sake ni," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Wallahi ba zan sake ba."

"Gobe ne fa za a rufe. Sake ni, Uwata."

"Su rufe!"

Ya ja, ta riƙe. Ya sake ja, ta ƙara ƙanƙamewa. Mutanen benci suka miƙe suna leƙe. Ya juyo ya dube ta sosai, karo na farko tun jiya, idanunsa sun yi jajur. Nan da minti ɗaya zai rantse cewa bai haife ta ba, kuma in ya rantse ya rantse ke nan, duniya ba za ta sake sanin ya taɓa raɗa wa wata 'ya suna ba. Sai bakin tsohon da ya yi shekara ashirin da ɗaya yana jin nauyin sunan nan ya buɗe da kansa, da muryar da duk ɗakin ya ji.

"Don Allah ki sake ni in yi miki wannan, Zuwaira!"



Hannuwanta suka saki da kansu. Ba ta taɓa jin sunan a bakin kowa ba, kuma ba ta san lokacin da ta amsa ba.

"Na'am, Baba."

Malam Isyaku ya sauke hatimin a gefe, ba a kan takarda ba. Ya janye Alƙur'anin daga gaban Malam Ashafa. Ya dubi takardar, ya dubi yarinyar, sannan ya zare tabaronsa ya tsura wa tsohon ido.

"Malam Ashafa," ya ce. "Wace ce Zuwaira?"